Shekara bakwai ba waƙa: muhawara kan kyautar littafin waƙoƙi ta Amurka

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon nan ina so mu taɓa tarihin kyautar da ake bai wa littafin rubutattun waƙoƙi a Amurka duk shekara, wato ɓangaren waƙa na National Book Award. An fara bayar da ita a watan Maris na 1950, a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke birnin Niyok. Waɗanda suka kafa ta ba malaman jami'a ba ne, ba kuma mawaƙa ba. Ƙungiyoyi uku ne na masu cin abinci da littafi: masu wallafawa, masu sayarwa, da masu injinan bugawa da ɗinkewa. Da rukuni uku aka soma: ƙagaggen labari, zube na abin da ya faru da gaske, sai waƙa. Wanda ya fara ɗaukar ta waƙa likita ne, William Carlos Williams, mai duba yara da karɓar haihuwa a wani ƙaramin gari da ake kira Rutherford a jihar New Jersey.

Ga abin da ya sa na kawo zancen. In ka bi jerin waɗanda suka ci daga farko, za ka faɗa rami. Daga 1984 zuwa 1990, shekara bakwai cur, babu sunan kowa. Ba yaƙi aka yi ba, ba mawaƙa ne suka ƙare a ƙasar ba. Masu kyautar ne suka zauna suka cire waƙa. Ni a ganina ramin nan ya fi kowane suna da ke cikin jerin faɗin gaskiyar lamarin: kyautar ta 'yan kasuwa ce, waƙa kuwa 'yar riƙo ce a gidan, ranar da abinci ya yi ƙaranci ita aka fara sallama. Mai ja, bismillah.

Zulai:
Wa alaikumus salam Malam. Tambaya ɗaya kafin manya su iso. Ina gwamnati a cikin wannan? Wa ke naɗa alƙalan?

Malam Sanusi:
Zulai, gwamnati ba ta naɗa alƙali, ba ta miƙa kyauta. Shekara guda ma kafin a kafa wannan ta riga ta ƙone hannu a harkar waƙa. A 1949 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fara bayar da wata kyauta mai suna Bollingen, alƙalansa suka zaɓi Ezra Pound. Shi kuwa Pound a lokacin yana tsare a asibitin masu taɓin hankali a Washington, ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa, saboda jawaban da ya riƙa yi a rediyon Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana goyon bayan Mussolini. Ƙasa ta ɗauki zafi, jaridu suka yi caa, majalisa ta hana ɗakin karatun ci gaba da rabon kyauta, Bollingen ta koma hannun Jami'ar Yale. A cikin wannan ƙura aka yi bikin 1950. Yau wata gidauniya mai zaman kanta, National Book Foundation, ce ke riƙe da kyautar, tun ƙarshen shekarun 1980.

Baba Tanko Mai Littattafai:
Malam Sanusi, tun ba a je ko'ina ba ka ɗora mana laifi mu masu shago. To bari in tambaye ka. Wace kyautar waƙa ce a can da ba aljihun wani ya haife ta ba? Pulitzer, wadda ta girmi wannan, tun 1922 take ba da ta waƙa, dukiyar mai jarida ce, Joseph Pulitzer, ya bar wasiyya Jami'ar Columbia ta riƙe. Bollingen da ka ambata kuɗin Paul Mellon ne, ɗan gidan masu banki. Attajiri yana bayarwa don sunansa ya daɗe. Ɗan kasuwar littafi yana bayarwa don littafin ya bar kanta ya shiga hannun mutum. A cikin biyun nan wanne ya fi amfanar mawaƙi? Wanda bai taɓa tsayawa a bayan kanta ba bai san yadda littafin waƙa ke shan ƙura ba. Ɗan tambarin nan mai ruwan zinariya da ake mannawa a bango, shi ke sa wanda ya shigo neman wani abu daban ya tsaya ya ɗaga.

Ummu Haidar:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba. Amma ni ramin da ke damuna ba na 1984 ba ne, wanda Malam bai ambata ba ne.

Ku dubi shekarun farko. Williams yana da shekara 66 ya karɓa. A 1951 Wallace Stevens ne, yana da 71, mataimakin shugaba a wani kamfanin inshora a Hartford. Daga nan shekara huɗu a jere, 1952 zuwa 1955, duk diwani aka bai wa, wato mutum ya tattaro waƙoƙin rayuwarsa ya ɗinke wuri guda: Marianne Moore, Archibald MacLeish, Conrad Aiken, sai Stevens ya sake dawowa, ya rasu a watan Agustan shekarar. Wannan ai ba gasar littafin bana ba ce, sallamar dattawa ce.

Sannan ku ƙirga mata. Bayan Moore a 1952, sai da aka kai 1970 kafin wata mace ta sake ci, Elizabeth Bishop. Shekara 18. Baƙar fata kuwa ba a ma magana. A 1950 ɗin nan da aka fara, Gwendolyn Brooks ta ci Pulitzer ta waƙa, baƙar fata ta farko da ta taɓa cin Pulitzer. Langston Hughes yana raye yana rubutu har 1967. Ɓangaren labari na wannan kyautar da muke magana ya bai wa Ralph Ellison tun 1953. Amma ɓangaren waƙa sai 1999 ya waiwaya, ya bai wa mawaƙiyar da ke rubutu da sunan Ai, mai jinin baƙar fata da Japan da 'yan asalin ƙasar, sannan Lucille Clifton a 2000. Kusan rabin ƙarni. Kuma wannan ba aikin masu shago ba ne Baba, na wanke ku. Alƙalan mawaƙa ne da masu sharhi. Su suka zaɓi junansu.

Habibu Ɗan Baiti:
Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Zancen diwani. Yaya za a ajiye littafin saurayi mai waƙa talatin ko arba'in kusa da aikin shekara arba'in na dattijon da alƙalan suka haddace tun suna makaranta, a ce a zaɓi guda? Wane alƙali ne zai iya haɗa ido da dattijon in ya kayar da shi? Kamata ya yi a raba: sabon littafi daban, lambar girmamawa daban.

Malam Sanusi:
Habibu, ƙorafinka tsoho ne kuma yana da ƙafa, sai dai jerin bai ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari ba. A 1960 Robert Lowell ya ci da Life Studies, littafin da ya fito da asirin gidansu da zamansa a asibitin ƙwaƙwalwa cikin waƙa, abin da manyan mawaƙan lokacin ke ganin bai dace ba, kuma bayansa mawaƙa da yawa suka bi wannan hanya. A 1962 Alan Dugan ya ci da littafinsa na farko. Marilyn Hacker ma haka a 1975, tana da shekara talatin da 'yan kai. Robert Frost kuwa, mai Pulitzer huɗu, wanda ya karanta waƙa a bikin rantsar da Shugaba Kennedy, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa cin wannan ba. Da girma kaɗai ake bi, da shi ne na gaba.

Abin dariya game da Dugan: bayan na 1962 sai da ya jira shekara 39 ya sake ci a 2001. Da me? Da diwani. Saurayin da ya kayar da dattawa ya dawo dattijo ya kayar da samari.

Habibu Ɗan Baiti:
To ai ka ƙara mini hujja Malam.

Na-Ta'ala:
Ni duk wannan lissafin sunaye bai dame ni ba. Mutum biyar su shiga ɗaki su fito su ce ga littafin da ya fi na kowa a ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari uku. Canza mutum biyu a cikinsu, sunan ya canza. Ina tarihi a nan? Caca ce da aka sa wa kwat.

Ummu Haidar:
Malam Na-Ta'ala, su kansu mawaƙan sun riga ka faɗa, kuma a kan mumbarin kyautar suka faɗa, wanda ya fi faɗa a zaure wuya.

A 1974 aka raba kyautar tsakanin Allen Ginsberg da Adrienne Rich. Cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a shekarar akwai mata biyu baƙaƙe, Audre Lorde da Alice Walker. Tun kafin ranar su ukun suka haɗa kai suka rubuta jawabi guda, suka yi alkawari duk wadda aka kira ba za ta karɓa da sunanta ita kaɗai ba. Da aka kira Rich, sai ta karanta jawabin da sunan su uku, ta ce sun ƙi tsarin da ke gwara kan mawaƙa, sun karɓa ne a madadin matan da ba a taɓa jin muryarsu ba. Ka lura da abin da ya faru: alƙalai sun ɗauki farar, sun bar baƙaƙen biyu, ita kuma farar ta ƙi hawa ita kaɗai. Shekara 25 kafin alƙalai su farka.

Malam Sanusi:
Kafin ita ma akwai Robert Bly a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Ya hau ya karɓi cakin dala dubu ɗaya, ya yi wa masu wallafa littattafan da ke zaune a gabansa tas, har da kamfanin da ya buga masa, kan yadda suka yi gum ana kashe mutane da harajinsu. Sannan a nan take ya miƙa cakin ga wani matashi daga ƙungiyar masu ƙin shiga soja, a lokacin da tunzura matasa su ƙi amsa kiran soja laifi ne da kan kai mutum kotu. Wannan shi ne abin da masu kyautar ba su saya ba amma suka samu. Sun shirya walimar talla, mawaƙa suka mai da ita wurin wa'azi.

Na-Ta'ala:
Amma dai duk sun karɓa ko? Sunan Rich ne a jerin, ba na Lorde ba, ba na Walker ba. Sunan Bly yana nan, kuma bangon littafinsa ya sami tambari. Mai ƙin abu da gaske ba ya zuwa wurin. Ka ci tuwon mutum kana zaginsa, ka dai ci.

Ummu Haidar:
Da ta zauna a gida, da yau ba mu san Lorde da Walker sun kai zagayen ƙarshe a shekarar ba. Kai kanka yanzu ka ji. Kuma Rich ta san yadda ake ƙin abu ɗungurungum: a 1997 gwamnatin Clinton ta ba ta lambar girmamawa ta fasaha, ta ce ba ta so. Ta bambance kyautar da takwarorinta mawaƙa suka zaɓa da wadda fadar shugaban ƙasa ke miƙawa.

Zulai:
Malam har yanzu ba ka faɗa mana yadda aka yi aka cire waƙar ba.

Malam Sanusi:
Yauwa Zulai, ga shi.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masu wallafawa sun gaji. Su ke biyan kuɗin biki, amma littattafan da ke ci ba su ne ke tafiya a kasuwa ba, sunayen ma talaka bai san su ba. Sai a 1980 suka rushe tsarin suka gina sabo, suna kwaikwayon bikin Oscar na 'yan fim. Suka canza suna zuwa American Book Awards. Maimakon ƙaramin kwamitin marubuta, aka buɗe ƙuri'a ga ɗimbin mutanen da ke cikin harkar littafi. Rukunai suka haura ashirin: mai bango mai tauri daban, mai bango mai laushi daban, labaran kaboyi, labaran binciken kisa, har da kyautar zanen bango. Manyan marubuta irin su Norman Mailer da Philip Roth da William Styron suka ce ba da su ba, suka janye littattafansu.

Abin bai yi kasuwar da aka zata ba. In kowa ya fito daga biki da kambu, kambun ya zama hula. Sai a 1984 aka koma ɗaya gefen, aka datse rukunan zuwa uku kacal: labari, zube na gaskiya, da littafin labari na farko. Ku duba da kyau. Waƙa tana cikin ukun da aka kafa kyautar da su a 1950. Da aka zo ragewa zuwa uku, ba a koma ukun asali ba, sai aka ba labari kujera biyu aka bar waƙa a tsaye. A 1987 aka dawo da tsohon suna, waƙa ba ta dawo ba. Sai 1991.

Na ƙarshe da suka ci kafin a rufe, a 1983, Galway Kinnell ne da Charles Wright, aka raba musu. Wanda ya buɗe a 1991 kuwa Philip Levine ne, ɗan Detroit da ya yi ƙuruciyarsa yana leburanci a masana'antun mota, da littafinsa What Work Is, kan ma'aikata da layin neman aiki. Shi ne kuma ya ci a 1980, shekarar da aka fara rikicin.

Baba Tanko, ga tambayata gare ka. Da labari aka cire shekara bakwai, da an yi shiru?

Baba Tanko Mai Littattafai:
Da ba a yi ba, kuma ka san dalili. Labari ke biyan kuɗin haya. Ni ban ce sun kyauta ba. Cewa na yi kada ka manta wa ya riƙe ta shekara 34 kafin nan, ba ta kawo masa ko sisi ba. Kuma ka duba abin da ya dawo da ita: sai da aka fitar da kyautar daga hannun ƙungiyar 'yan kasuwa kai-tsaye aka ba gidauniya, wadda ba a tambayarta riba a ƙarshen shekara. Har yau kuma kamfanonin ne ke sayen tebura a walimar, da kuɗin ake gudanar da abubuwa da yawa. Aljihun bai canza ba, an dai sa shamaki tsakaninsa da ɗakin alƙalai. Wannan shamakin shi ne duk dabarar.

Sannan a shekara bakwai ɗin mawaƙan Amurka ba su zama marayu ba. Pulitzer tana nan, ta ƙungiyar masu sharhin littattafai tana nan. A cikin ramin naka ne ma Rita Dove ta ci Pulitzer, a 1987.

Habibu Ɗan Baiti:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu da muke jin shekara bakwai abin kunya ne, tamu ta gida fa? Kyautar adabi da kamfanin gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004 juyawa take tsakanin fanni huɗu, waƙa sai bayan shekara huɗu take samun layi. A 2005 aka raba wa Gabriel Okara da Ezenwa-Ohaeto, a 2009 alƙalai suka ce ba wanda ya cancanta, sai Tade Ipadeola a 2013, Ikeogu Oke a 2017, Romeo Oriogun a 2022. Kuɗin dala dubu ɗari ne, ninki goma na ta Amurka. Ni da za a tambaye ni, a raba kuɗin huɗu a riƙa bayarwa duk shekara. Kyautar da ake yi duk shekara in ta yi kuskure bana tana da baɗi. Wadda sai bayan huɗu, in ta tsallake ka sau biyu ƙuruciyarka ta wuce.

Admin:
Habibu magana ce mai kyau, amma a buɗe mata zare daban. A nan mu tsaya kan ta Amurka.

Zulai:
Dala dubu goma ke nan ta Amurkar? Na ɗauka ta fi haka nesa.

Malam Sanusi:
Dubu goma da ɗan mutum-mutumin tagulla ga wanda ya ci, dubu ɗaya da lamba ga kowane cikin sauran da suka kai ƙarshe. Ba kuɗin ake bi ba. Abin da ke biyo baya ake bi: kujerar koyarwa a jami'a, gayyatar karatu, fassara, da kamfanin da zai karɓi littafinka na gaba ba tare da dogon zance ba.

Yadda ake yi yanzu: kamfanin ɗab'i ne ke shigar da littafi ya biya kuɗin shiga, ba mawaƙi ba. Alƙalai biyar ne, sababbi duk shekara. Tun 2013 ana fitar da jerin goma a Satumba, a rage zuwa biyar a Oktoba, a sanar da gwani a Nuwamba a Niyok. Tun shekarar kuma aka buɗe alƙalanci ga masu shagon littafi da ma'aikatan laburare da masu sharhi, ba marubuta zalla ba, don haka Baba Tanko mutanenka sun shiga ɗakin ta ƙofar gaba. Al'adarsu ita ce alƙalan su haɗu a cin abincin rana a ranar bikin su yanke hukunci, ko ma'aikatan gidauniyar ba sa sanin sunan sai daf da sanarwa.

Na-Ta'ala:
To tunda an zo kan yanzu, bari in faɗi abin da kowa ke gudu. Da ana zaɓen dattawa farare, yanzu ana zaɓen asali. A 2020 Don Mee Choi, haifaffiyar Koriya ta Kudu, kan iyakar Koriya biyu. A 2021 Martín Espada, ɗan asalin Puerto Rico, kan baƙin haure. A 2023 Craig Santos Perez daga tsibirin Guam. A 2024 Lena Khalaf Tuffaha mai jinin Falasɗinu, ta hau ta yi magana kan Gaza. Ina tare da Gaza, kada wani ya juya mini magana. Amma waƙa ake aunawa ko taswirar duniya? Son kai ne ya canza riga.

Ummu Haidar:
Ka karanta ko guda daga cikin huɗun?

Na-Ta'ala:
Ba sai na sha teku zan san da gishiri ba, Hajiya.

Ummu Haidar:
To ka ga matsalar. Shekara 49 ana bai wa farare zalla ba wanda ya ce taswira ake aunawa, an ce ƙwarewa ce. Da aka fara bai wa wasu sai aka tuna da son kai.

Kuma ka zaɓi shekarun da suka yi maka daɗi ne. A 2012 David Ferry ya ci yana da shekara 88, farin dattijo mai fassara waƙoƙin Latin. A 2017 Frank Bidart ya ci da diwanin aikin shekara hamsin, irin wanda Habibu ke kuka da shi. Shekarar 2014 ta fi duka rushe maganarka. Claudia Rankine ta kai zagayen ƙarshe da Citizen, littafi kan wariyar launin fata, a shekarar da ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a garin Ferguson, gari ya kama da wuta. Da siyasa ake bi, ba sai an yi zama ba. Alƙalai suka bai wa Louise Glück, mai waƙoƙin tsufa da mutuwa da kaɗaici. Mutane suka yi ta surutu. Littafin Rankine ya shiga jerin waɗanda aka fi saya, abin da littafin waƙa bai cika yi ba, Glück kuma ta ci Nobel a 2020. Ka faɗa mini wanne ne kuskuren.

Wanda kuma yake ganin asali ba ya cikin waƙa, ya nemi jawabin Nikky Finney na 2011. Ta fara ne da tsohuwar dokar jiharsu, South Carolina, wadda ta haramta koya wa bayi karatu da rubutu, ta ce ga jikarsu a tsaye da kyautar littafi a hannu. Ita ba ta shigo da tarihi ɗakin ba, a can ta tarar da shi.

Malam Sanusi:
Na-Ta'ala yana da rabin gaskiya a wuri guda, Ummu Haidar. Kwamitin mutum biyar ɗan zamaninsa ne, na 1955 da na 2024 duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa don haka jerin ba shi da amfani. Shi ya sa ma ake karanta shi. Kuma mumbarin bai huce ba: a bikin 2023 marubutan da suka kai zagayen ƙarshe suka hau tare suka karanta kiran a tsagaita wuta a Gaza, ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyi ta janye tun kafin ranar da ta ji ƙishin-ƙishin. Rigimar Bly ce ta 1968 ba ta mutu ba: mai biya yana son walima, mai karɓa yana da magana.

Zulai:
Malam, wanda ba a Amurka aka haife shi ba yana iya ci?

Malam Sanusi:
Tun da wuri ma. W. H. Auden Bature ne ɗan Ingila, ya zama ɗan ƙasa a 1946, ya ci a 1956. Lisel Mueller da ta ci a 1981 a Hamburg aka haife ta, iyayenta suka gudo daga mulkin Hitler. Sharaɗin da aka daɗe a kai shi ne takardar zama ɗan ƙasa, da kuma a buga littafin a Amurka. A 2024 aka sassauta na farkon, aka buɗe wa wanda Amurka ce mazauninsa na dindindin ko da bai da takardar. Na biyun yana nan.

Baba Tanko Mai Littattafai:
Kun yi ta kallon sunan mawaƙi, ba wanda ya kalli ƙasan bango inda ake rubuta sunan kamfani. Nan ne canjin da ya fi girma, kuma shi ne amsata ta ƙarshe ga Malam Sanusi.

A shekarun farko manyan gidajen Niyok ne ke kwashewa, irin su Knopf da Macmillan da Random House. Yanzu duba. A 2016 Daniel Borzutzky ya ci, wanda ya buga masa Brooklyn Arts Press ne, ɗan ƙaramin kamfani da kusan mutum guda ke riƙe da shi. A 2018 Coffee House da ke Minneapolis. A 2020 Wave Books da ke Seattle. A 2022 The Song Cave, a 2023 Omnidawn, a 2024 madaba'ar Jami'ar Akron a jihar Ohio. Manyan kamfanonin da ka ce kyautar tasu ce suna sayen tebur mai tsada, suna zaune suna tafi, ƙaramin da ya zo da kuɗin jirgi da ƙyar yana hawa yana karɓa. In tasu ce, to sun iya asara.

Wahalar ƙaramin kuma daga daren take farawa. Littafin waƙa kaɗan ake bugawa. Da an kira suna, kafin gari ya waye shaguna sun aiko oda, kwafin da ke sito ya ƙare, madaba'a kuma tana da layi don Kirsimeti ta gabato kowa na buga nasa. Ka nemo kuɗin takarda, ka roƙi mai inji ya sa ka gaba, ka jira makonni. In littafin bai iso kanta ba kafin mutane su gama sayayyar ƙarshen shekara, rabin cinikin ya tafi, sai ka zauna da kwalaye a Janairu kana jiran malaman jami'a su sa shi a manhaja.